Alkawari da Lissafi: Matsayin Jam'iyyar Liberal Democrats kan Kuɗin Karatun Jami'a a Birtaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin matsayin jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya game da kuɗin karatun jami'a, tun daga shekarun da ta yi tana adawa da shi har zuwa ranar 9 ga Disamba, 2010, lokacin da shugabanninta suka jefa ƙuri'ar da ta kusa ninka kuɗin sau uku. An duba asalin alkawarin da ta yi wa ɗalibai, da abin da sabon tsarin ya ƙunsa, da hukuncin da masu zaɓe suka yanke mata a 2015. Maƙalar ta tsaya a kan cewa abin da ya kayar da jam'iyyar shi ne ta bar 'yan takararta sun sa hannu a kan alkawarin da shugabanninta suka riga suka san ba za su tsaya masa ba idan aka zo rabon mulki. A ƙarshe an kawo abin lura ga jam'iyyun Nijeriya, yanzu da ƙasar ta shiga tsarin lamunin ɗalibai.

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ga ɗalibi yana karatun jami'a bai biya ko sisi ba, to wani ne ya biya masa. Wurare uku ne kuɗin yake iya fitowa: baitulmalin gwamnati, wato harajin jama'a, ko aljihun iyaye tun ɗansu yana makaranta, ko kuwa albashin shi ɗalibin bayan ya kammala ya kama aiki. Jam'iyyar da ta bayyana matsayinta a kan kuɗin makaranta ta zaɓi ɗaya ne daga cikin ukun nan, ko ta faɗa a fili ko ta ɓoye.

A siyasar Birtaniya ta wannan zamani, babu jam'iyyar da batun nan ya ɗaukaka sannan ya kayar kamar Liberal Democrats. Da shi ta samu shiga garuruwan jami'o'i, a kansa kuma matasa suka juya mata baya. Maƙalar za ta amsa tambayoyi uku: ta yaya jam'iyyar ta kai ga ɗaukar wannan alkawari, me ya sa ta saɓa shi, kuma me ya sa hukuncin da aka yi mata ya fi wanda aka yi wa sauran jam'iyyun da su ma suka sauya magana a kan batun? An taƙaita nazarin a kan Ingila, domin Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowace tana tafiyar da nata tsarin.

2.0 Asalin kuɗin karatu a Ingila

Daga 1962, hukumomin yankuna ne suke biya wa ɗalibin digirin farko kuɗin makaranta, har su ba shi tallafin ci da kwana gwargwadon ƙarfin iyayensa. Tsarin ya yi aiki muddin masu shiga jami'a 'yan ƙalilan ne. Da yawansu ya haɓaka, musamman wajen 1992 lokacin da aka mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'i, sai kason da gwamnati take kashewa a kan kowane ɗalibi ya yi ta raguwa. Kwamitin Ron Dearing, wanda ya miƙa rahotonsa a 1997, ya ba da shawarar cewa wanda ya ci moriyar digiri ya ɗauki wani ɓangare na kuɗinsa. Gwamnatin Leba ta Tony Blair ta fara karɓar fam 1,000 a shekara daga 1998.

A zaɓen 2001 jam'iyyar Leba ta rubuta a kundin manufofinta cewa ba za ta kawo tsarin da zai ba jami'o'i damar ƙara kuɗi ba. Ba a cika shekara uku ba ta kawo shi. A watan Janairu na 2004 ƙudurin ya tsallake karatu na biyu a majalisar wakilai da ƙuri'a 316, masu adawa 311, ratar ƙuri'a biyar ke nan a hannun gwamnatin da take da gagarumin rinjaye. Daga 2006 jami'o'i suka samu ikon karɓar har fam 3,000, sai dai an ɗauke biyan nan-take, aka mayar da shi bashin da ake biya bayan an fara aiki.

A duka matakan biyu Liberal Democrats ta tsaya a ɓangaren adawa, kuma ta nuna da gaske take yi. A Sikotilan, inda ta shiga gwamnatin haɗaka da Leba a 1999, matsin lambarta ne ya kai ga soke biyan kuɗin tun ɗalibi yana makaranta. A zaɓen 2005, ƙarƙashin Charles Kennedy, ta haɗa adawa da yaƙin Iraƙi da alkawarin soke kuɗin karatu, ta samu kujeru 62. Cikin mazaɓun da ta ƙwace a shekarar akwai Cambridge, Bristol West, Manchester Withington, Leeds North West da Cardiff Central, dukkansu wuraren da ɗalibai da malaman jami'a suke da yawa. Alkawarin na 2005 yana da madogara bayyananniya, domin jam'iyyar ta ce za ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan abin da mutum ya samu sama da fam 100,000 a shekara. Mai zaɓe ya san wanda za a karɓa a wurinsa, ya san wanda za a sauƙaƙa wa.

3.0 Daga manufar jam'iyya zuwa sa hannun ɗan takara

A babban taronta na 2006 jam'iyyar ta yi watsi da wancan harajin na kashi 50, alkawarin soke kuɗin karatu kuwa yana nan inda yake. Daga nan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya auko, giɓin kasafin kuɗin Birtaniya ya haura fam biliyan 150. Nick Clegg, wanda ya karɓi shugabancin jam'iyyar a ƙarshen 2007, ya nemi a sassauta alkawarin a lokacin babban taron 2009, bisa hujjar cewa baitulmali ba zai iya ɗauka ba. Amma a wannan jam'iyya shugaba ba ya yanke manufa shi kaɗai. Wakilan taro da kwamitin tsara manufofi ne suke da wuƙa da nama, kuma sun ƙi. Aka tsaya a tsakiya: kundin manufofin 2010 ya ce za a soke kuɗin sannu a hankali cikin shekara shida, a fara da 'yan ajin ƙarshe. Batun bai samu shiga cikin manyan ƙudurori huɗu da aka buga a bangon kundin ba.

Da a nan aka tsaya, da jam'iyyar tana da mafita, domin kowa ya san abin da ke cikin kundin manufofi sharaɗinsa shi ne a ci zaɓe a kafa gwamnati. Sai Ƙungiyar Ɗalibai ta Ƙasa, NUS, ta fito da wata gajeriyar takarda ta nemi 'yan takarar kowace jam'iyya su sa hannu. Abin da ke cikinta biyu ne: ɗan takara zai jefa ƙuri'ar ƙin duk wani ƙarin kuɗin karatu a majalisa mai zuwa, kuma zai matsa wa gwamnati ta kawo tsarin da ya fi adalci. Takardar ba ta gindaya sharaɗin cin zaɓe ba. Magana ce a kan ƙuri'ar mutum ɗaya, wadda take hannunsa ko yana cikin gwamnati ko yana adawa. 'Yan takara suka riƙa ɗaukar hoto riƙe da babban kwalin alkawarin, sa hannunsu a ƙasa, ɗalibai a gefensu. Duka 'yan majalisa 57 da jam'iyyar ta samu a zaɓen sun sa hannu, har da Clegg da Vince Cable, ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar.

Wani abu da ya fito daga baya ya ƙara nauyin lamarin. A watan Nuwamba na 2010 jaridar Guardian ta wallafa takardun cikin gida da suka nuna cewa tun a watan Maris, kafin zaɓe, ayarin jam'iyyar da Danny Alexander ya jagoranta domin shirin tattaunawar haɗaka ya riga ya ba da shawarar kada a kafe a kan soke kuɗin karatu. Wato a daidai lokacin da ake raba hotunan sa hannu a harabar jami'o'i, manyan jam'iyya sun san batun yana cikin abin da za a iya sallamawa.

4.0 Gwamnatin haɗaka da ƙuri'ar 9 ga Disamba

Zaɓen 6 ga Mayu, 2010 bai ba kowa rinjaye ba. Conservative ta samu kujeru 306, Leba 258, Liberal Democrats 57 da kimanin kashi 23 cikin 100 na ƙuri'u. Cikin kwana biyar aka ƙulla haɗaka tsakanin Conservative da Liberal Democrats, David Cameron na Conservative ya zama firaminista, Clegg mataimakinsa. Liberal Democrats ta samu abubuwan da ta sa a gaba: ɗaga adadin kuɗin da ba a cire wa ma'aikaci haraji a kai, ƙarin kuɗi ga makarantun da suke da 'ya'yan talakawa, da ƙuri'ar raba gardama kan sauya tsarin zaɓe. A kan kuɗin jami'a kuwa, abin da yarjejeniyar ta ba ta shi ne damar 'yan majalisarta su ƙaurace wa ƙuri'a idan ba su gamsu da matakin da gwamnati za ta ɗauka a kan rahoton kwamitin Lord Browne da ake jira ba.

Kwamitin Lord Browne gwamnatin Leba ce ta kafa shi a Nuwamba 2009, aka tsara ya kawo rahoto bayan zaɓe, abin da ya ba manyan jam'iyyun biyu damar yin gum a lokacin kamfe. Rahoton ya fito ranar 12 ga Oktoba, 2010, ya ba da shawarar a cire iyakar kuɗin gaba ɗaya. Ma'aikatar da jami'o'i suke ƙarƙashinta kuwa Vince Cable ne ministanta, don haka wanda ya sa hannu a kan takardar NUS shi ne ya tashi a majalisa yana kare ƙarin. Gwamnati ta ƙi cire iyakar, ta tsayar da ita a kan fam 9,000, daga fam 3,290 da ake biya a shekarar.

Ɗalibai suka fito. Ranar 10 ga Nuwamba dubun-dubatarsu suka yi maci a Landan, wasu suka kutsa ginin Millbank inda hedikwatar Conservative take. Ranar 9 ga Disamba, ana zanga-zanga a dandalin da ke gaban majalisa, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 323, masu adawa 302. Liberal Democrats ta rabu uku: 28 sun goyi baya, 21 sun ƙi, 8 sun ƙaurace ko ba su halarta ba. Cikin waɗanda suka ƙi akwai tsofaffin shugabanninta biyu, Charles Kennedy da Menzies Campbell, da Tim Farron wanda ya gaji Clegg daga baya.

Alƙaluman nan suna bayyana abu guda muhimmi. Da duka 57 ɗin sun cika alkawarin da suka sa wa hannu, da ƙudurin ya faɗi. Da kuma dukansu sun ƙaurace kamar yadda yarjejeniyar haɗaka ta yarje musu, da ya wuce, domin Conservative ta fi 'yan adawa yawa. Ke nan tun ranar da aka amince da sakin layin ƙauracewa a watan Mayu aka saɓa alkawarin, watanni bakwai kafin a kaɗa ƙuri'a.

5.0 Abin da sabon tsarin ya ƙunsa

Adalci ne a duba hujjar waɗanda suka goyi bayan ƙarin, domin tana da tushe. A tsarin da ya fara aiki a 2012, ɗalibi ba ya biyan komai lokacin shiga. Gwamnati ce take ranta masa. A sharuɗɗan da aka fara da su, ba ya fara biya sai albashinsa ya wuce fam 21,000 a shekara, maimakon fam 15,000 na tsohon tsari, kuma kashi 9 cikin 100 ake cira daga abin da ya haura wannan adadi kawai. Abin da ya rage bayan shekara 30 an yafe. A ɗauki malamar makaranta mai albashin fam 25,000. A tsohon ma'auni ana cirar kashi 9 na fam 10,000, wato fam 75 duk wata. A sabon ma'auni ana cirar kashi 9 na fam 4,000, wato fam 30 duk wata. Cibiyar nazarin harkokin kuɗi ta IFS ta tabbatar da cewa masu ƙaramin albashi za su biya ƙasa da abin da da za su biya a tsohon tsari, masu matsakaici da babban albashi kuwa za su biya fiye. An kuma buɗe wa masu karatun wucin gadi, waɗanda suke haɗa aiki da makaranta, ƙofar rancen a karon farko. Fargabar da aka yi cewa 'ya'yan talakawa za su daina neman jami'a ba ta tabbata ba a tsakanin 'yan shekara 18. Bayan ɗan ja da baya a 2012, adadin masu shiga ya ci gaba da hawa.

Ɗaya gefen kuma yana da nasa nauyin. Ita wannan malama ta fita jami'a da bashin fam 27,000 na kuɗin karatu kaɗai, ban da na ci da kwana, kuma da kuɗin ruwa da yake iya kaiwa kashi 3 cikin 100 a saman hauhawar farashi. Gwamnati ta ce jami'o'i ƙalilan ne za su kai fam 9,000, amma da yake an zabtare mafi yawan tallafin koyarwa da ake ba su, kusan dukkansu suka nufi ƙololuwar. Yawan masu karatun wucin gadi da manyan da suke komawa makaranta ya faɗi ƙwarai. Ɗalibai Musulmi masu gudun riba suka shiga tsaka mai wuya. Cameron ya yi alkawari a 2013 cewa za a samar musu da tsarin da ya dace da shari'a, aka kuma ɗauki shekaru ana ɗagawa. A 2014 IFS ta ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na masu bashin ba za su gama biya ba kafin wa'adin yafewa, ma'ana babban kaso na nauyin ya koma kan mai biyan haraji. A Disamba 2018 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta yanke cewa dole a riƙa lissafa ɓangaren da ba za a biya ba a cikin giɓin kasafi. Sharuɗɗan ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: a 2015 aka daskarar da ma'aunin fam 21,000 da aka ce zai riƙa tashi tare da albashi, a 2016 aka soke tallafin ci da kwana, waɗanda suka shiga daga 2023 kuma sai bayan shekara 40 za a yafe musu.

6.0 Hukuncin masu zaɓe

A Satumba 2012 Clegg ya fitar da bidiyon neman afuwa. Abin da ya nemi gafara a kai shi ne ɗaukar alkawarin da jam'iyyar ba ta da tabbacin cikawa. Ƙarin kuɗin kansa ya ci gaba da kare shi. Jama'a ba su karɓa ba. Tun kafin afuwar, a zaɓen majalisar Sikotilan na 2011, kujerun jam'iyyar sun sauko daga 16 zuwa 5, a zaɓen majalisar Turai na 2014 daga 11 zuwa 1, a babban zaɓen 2015 kuma daga 57 zuwa 8, da ƙasa da kashi 8 cikin 100 na ƙuri'u. Cable ya rasa Twickenham, Clegg ya sauka daga shugabanci, a 2017 kuma ya rasa mazaɓarsa ta Sheffield Hallam.

Ba kuɗin karatu kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai fushin tsuke bakin aljihu, akwai kuma kujeru da dama da abokiyar haɗakarta ta ƙwace a kudu maso yammacin Ingila. Amma abin da ya faru a mazaɓun jami'o'i yana da ma'ana. Julian Huppert na Cambridge, John Leech na Manchester Withington da Jenny Willott ta Cardiff Central duk sun jefa ƙuri'ar ƙin ƙarin. Willott har ajiye muƙaminta ta yi domin ta cika alkawari. Duka ukun sun faɗi a 2015. Masu zaɓe jam'iyya suka hukunta, ba su tsaya tantance wanda ya cika da wanda ya saɓa ba.

Kwatanci da Leba yana ƙara haske. Ita ma ta saɓa maganarta ta 2001, ta kuma ci zaɓen 2005. Keir Starmer ya yi alkawarin soke kuɗin karatu a takarar shugabancin jam'iyya a 2020, ya janye a 2023, ya ci zaɓen 2024, gwamnatinsa kuma ta ɗaga kuɗin zuwa fam 9,535. Bambancin shi ne masu zaɓen Leba suna da wasu dalilai masu yawa na bin ta. Liberal Democrats kuwa jarinta biyu ne a idon matasa: batun kuɗin karatu, da da'awar cewa ita ce jam'iyyar da ba ta saɓa magana kamar sauran. Ƙuri'a ɗaya ta cinye duka biyun. Hausawa suna cewa alkawari kaya ne, kuma wannan kayan kowane ɗan takara da hannunsa ya ɗora wa kansa a gaban shaidu. Sai a 2024 jam'iyyar ta farfaɗo da kujeru 72, mafi yawansu daga yankunan Conservative, ba daga garuruwan ɗaliban da suka ɗaga ta a 2005 ba.

7.0 Abin lura ga Nijeriya

Nijeriya ta kama hanyar da ta yi kama da wannan. An sa hannu a kan dokar lamunin ɗalibai a Yuni 2023, aka sake ta a Afrilu 2024, aka kafa asusun NELFUND. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cirar kashi 10 cikin 100 na albashi. A shekarar 2023 ɗin jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, yayin da gwamnatocin Kano da Kaduna suka rage kuɗin manyan makarantunsu. Darasin Ingila shi ne rance yana buɗe wa gwamnati ƙofar janye hannunta daga jami'o'i, kuma sharuɗɗan da aka fara da su gwamnatin gaba tana iya sauya su. Ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai da na malamai da iyaye su riƙa yi wa duk jam'iyyar da ta yi alkawarin ilimi kyauta ko ragin kuɗi tambayoyi uku: daga wane haraji ko wane kaso na kasafi kuɗin zai fito, me zai cike giɓin da jami'a za ta samu domin kada ɗakin gwaji da ɗakin karatu su mutu, kuma shin za a rubuta sharuɗɗan a doka yadda ba za a sauya wa wanda ya riga ya ci bashi ba?

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matsayin Liberal Democrats ya bi matakai uku: manufa mai madogarar haraji a 2005, manufar da aka cire wa madogara daga 2006, sannan alkawarin sa hannu marar sharaɗi a 2010, wanda shugabanni suka riga suka shirya sallamawa. Tsarin da ta taimaka aka kafa yana da sauƙi ga mai ƙaramin albashi, yana kuma da illoli na gaske. Da jam'iyyar ta fito da shi a fili kafin zaɓe ta kare shi, da an yi muhawarar da ta dace, ko da za ta rasa wasu kujeru. Asarar da ta fi girma ta faɗa kan matasan da da yawansu ranar 6 ga Mayu, 2010 ce ƙuri'arsu ta farko, suka kuma ga cikin wata bakwai cewa sa hannun wakilinsu bai ɗaure shi ba. Saboda haka, jam'iyyar da za ta yi wa ɗalibai alkawari a kan kuɗin karatu wajibi ne ta bayyana wanda zai biya, ta kuma faɗa tun kafin zaɓe ko wannan alkawari yana cikin abin da za ta gwammace ta rasa mulki da ta saɓa shi.